Hayar waƙa ko mallakarta: wacce ta fi wa mai sauraro?

Kwanakin baya ina laluben wata takarda a durowa sai hannuna ya faɗa kan wani tsohon katin memori, ɗan mitsitsi, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Na sa shi a waya don in ga abin da ke ciki kafin in yar. Waƙoƙi ne, 200 da 'yan kai, wasu ma ba su da suna, lamba ce kawai. Na danna ta farko ina tsaye, ban zauna ba har ta ƙare. Kafin ta biyu ta fara bakina ya riga ya ɗauko ta, domin kunnena bai manta wacce ke bin wacce ba, duk da na fi shekara 10 rabona da su. A wayar nan kuwa akwai manhajar da nake biya duk wata, mai waƙa sama da miliyan 100, wadda na saurara kusan awa biyu da safiyar ranar. Da za a tsare ni a ce in faɗi sunan uku daga cikin abin da na ji da safen, da na sha kunya.

Abin da ya sa ke nan na zauna na auna hanyoyi biyun da akasarin mutane ke jin waƙa a yau. Ta farko haya ce. Ka biya kuɗin wata, ko ka haƙura da talla, a buɗe maka rumbun Spotify ko Apple Music ko YouTube Music ko Deezer, ka ji abin da ka ga dama muddin ƙofar na buɗe. Ta biyu mallaka ce. Ka sayi waƙar ta zama taka, ko fayil ne a waya da kwamfuta, ko faifan CD, ko faifan garmaho. Mai neman zaɓi yakan fara da tambayar wacce ta fi sauƙi da wacce ta fi araha, kuma zan zo kansu. Tambayar da ta fi damuna dai ita ce ta wace hanya waƙa ke shiga mutum ta zauna, har ya riƙa tuna wasu shekarun rayuwarsa da ita.

Kafin 1877, shekarar da Thomas Edison ya ƙera na'urar naɗar sauti, duk wanda ya ji waƙa to yana wurin da ake yin ta. Shekara 10 bayan haka Emile Berliner ya fito da faifan garmaho. A 1948 kamfanin Columbia ya kawo dogon faifai mai ɗaukar kimanin minti 22 a kowace fuska, kuma daga nan ne albam ya samu siffar da aka san shi da ita, waƙa 10 ko 12 da mawaƙi ya jera da gangan, minti 40 da ɗoriya. Philips ya kawo kaset a 1963, Sony ya sa wa mutane kiɗa a kunne suna tafe da Walkman a 1979, CD ya fito a 1982, injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka matse waƙa ta zama MP3 a farkon shekarun 1990, sannan iPod ya zo a 2001 da alƙawarin waƙa 1,000 a aljihu. Duk sauye-sauyen nan abu ɗaya bai sauya ba: abin da kake da shi yana da iyaka, kuma kai ka tara shi. Spotify, wanda ya fara aiki a 2008 daga Suwidin, da ire-irensa su ne suka cire iyakar. Saura duk bambancin da zan faɗa daga nan ya samo asali.

Bari in fara da inda haya ta yi wa mallaka fintinkau, domin a nan babu gardama. Idan abin da kake so shi ne ka gano sabon abu, ba a taɓa yin zamani kamar wannan ba. A da sai ka sayi albam kafin ka san ko zai yi maka, in bai yi ba kuɗinka ya tafi. Yanzu ka ji sunan mawaƙi da rana, kafin dare ka bi duk abin da ya taɓa fitarwa, ka koma kan waɗanda suka koya masa, ka faɗa kiɗan wata ƙasa da ba ka jin ko kalma ɗaya ta harshenta. Tun 2015 Spotify ke haɗa wa kowane mai sauraro jerin waƙa 30 duk Litinin, kuma dabarar ba sihiri ba ce: kwamfuta tana duba abin da kake ji, ta nemo mutanen da jinsu ya yi kama da naka, ta miƙo maka abin da suke ji wanda kai ba ka kai gare shi ba. Wani lokaci takan dace har abin ya ba ka tsoro. Akwai mawaƙa aƙalla biyar da nake ji da su yanzu waɗanda ba don wannan hanya ba da har abada ban san da zamansu ba, kuma rashin adalci ne in ɓoye wannan.

Sai dai kwamfutar tana da hali irin na mai son faranta maka ko ta halin ƙaƙa. Abin da ya yi kama da wanda ka riga ka so shi take kawowa. Ka yi mako guda kana jin waƙoƙi masu sanyi saboda wani abu ya dame ka, sai ta ɗauka haka kake, ta yi ta ɗura maka irinsu har bayan damuwar ta wuce. Aboki kan ce maka, "Wannan ba za ka so ta da farko ba, amma ka daure ka ji ta sau uku." Manhaja ba ta faɗin haka, domin a lissafinta waƙar da ka tsallake kuskure ce da bai kamata ta maimaita ba.

A kan wannan "sau uku" ɗin nake so in daɗe, don a nan maganar take. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa sabo kan haifar da so. Robert Zajonc ya nuna a 1968 cewa maimaita ganin abu kawai, ko da kalma ce marar ma'ana, yakan sa mutum ya fi karkata gare shi. A waƙa abin ya fi haka zurfi. A 2011 wasu masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada, cikinsu da Valorie Salimpoor da Robert Zatorre, sun sa mutane sun zo da kiɗan da ke tayar musu da tsikar jiki, suka riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu suna saurare. Sun tarar ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dofamin, wanda ke da alaƙa da jin daɗi, a daidai gaɓar da tsikar jikin ke tashi. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne tana sakinsa a wani sashe daban 'yan daƙiƙoƙi kafin gaɓar ta iso. Wato jiran ma daɗi ne. Ka san murya za ta ɗaga bayan baitin nan, ka san ganga za ta yi shiru sannan ta dawo, jikinka ya shirya tun kafin a kai wurin. To wanda bai san waƙa ba me zai jira? A ji na farko kana baƙo ne, kana ta waige-waige. Sai a na goma ko na ashirin ne kake jin abin da ke ƙarƙashi, ɗan numfashin da mawaƙiya ta ja kafin amshi, ko wata kalma da ka yi ta rerawa shekara da shekaru ba ka lura tana da fuska biyu ba.

Haka kuma waƙa kan manne da lokacin da aka ji ta. Masu nazarin tunani sun lura cewa manya sun fi tuna abubuwan da suka faru da su tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwa, kuma waƙoƙin wannan tsakanin su ne suka fi riƙe mutum har tsufa. Masu jinyar tsofaffin da cutar mantuwa ta kama sun sha ganin wanda ya manta sunan 'ya'yansa yana bin waƙar ƙuruciyarsa baiti bayan baiti. Ma'anar waƙa rabi mawaƙi ne ya zuba, rabi kuwa mai sauraro ne ya kawo daga abin da yake ciki a lokacin, kuma wannan rabi na biyun ba ya taruwa sai an yi zama tare. Waƙoƙin katin nan nawa ba wai sun fi na yanzu kyau ba ne. Wasu ma in na ji su da kunnen yau sai in yi dariya. Su ke nan gare ni a lokacin, na ji su a tafiya, na ji su ina jiran sakamakon jarrabawa, na ji su daren da aka yi mana rasuwa barci ya ƙi zuwa, shi ya sa kowacce ta ɗauko kaya.

Mai kare haya zai ce babu wanda ya hana ka maimaita waƙa sau dubu a manhaja, kuma gaskiyarsa. Akwai masu yin haka. Amma kowane kayan aiki yana da inda yake tura mai riƙe da shi. Lura da babban yatsanka wani lokaci. Waƙa ta fara, daƙiƙa biyar, bakwai, yatsan yana shawagi a kan alamar tsallakewa tun kunne bai yanke hukunci ba. Tsallakewar ba ta cin ko sisi, kuma a bayanta akwai wasu miliyoyi suna jira. Albam ya ƙare, maimakon shirun da zai bar shi ya kwanta maka a rai, sai manhaja ta ɗora wata waƙar da kanta. Wanda ya sayi albam da kuɗinsa yakan ba shi dama ta biyu da ta uku, ko don kada kuɗin su tafi a banza, kuma sau da yawa waƙar da ya raina a makon farko ita ce ke zama abar sonsa bayan shekara.

Su ma mawaƙa sun ji a jikinsu. A Spotify ba a ƙirga an ji waƙa sai an kai daƙiƙa 30 a cikinta. Wani bincike da Hubert Léveillé Gauvin ya yi a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka, wanda ya duba waƙoƙin da suka fi tashe daga 1986 zuwa 2015, ya nuna shimfiɗar kiɗan da ake yi kafin murya ta shigo ta ragu daga sama da daƙiƙa 20 zuwa kimanin biyar. Ana rige-rigen kama kunne kafin yatsa ya motsa. Ba na cewa hakan ya lalata waƙa, akwai gajerun waƙoƙi masu ratsa zuciya. Amma waƙar da ke buƙatar minti biyu kafin ta buɗe fuskarta tana shan wahala a irin wannan kasuwa, kuma in kai mai son irinta ne ya kamata ka san da haka.

Sai maganar dawwama, wadda masu haya ba su cika tunawa da ita ba sai ta same su. Abin da kake biya izinin ji ne, kuma izinin ya rataya ne a kan yarjejeniyar da ke tsakanin manhajar da masu haƙƙin waƙar. Yarjejeniya ta ƙare, ko saɓani ya shiga, waƙar ta ɓace. Taylor Swift ta janye waƙoƙinta daga Spotify a 2014 ba ta dawo da su ba sai 2017. Neil Young ya janye nasa a 2022 ya dawo a 2024. Waɗannan manya ne, duniya ta ji labari. Ƙananan sukan ɓace ba wanda ya sani. Ni kaina na taɓa buɗe wani jeri da na shekara uku ina tarawa, na tarar sunan wata waƙa ya yi fari-fari, yana nan a rubuce amma in ka danna ba ya motsi. Babu sanarwa, babu dalili, kuma ba ta dawo ba. Wata waƙar kuma tana nan a wata ƙasa, a taka babu. Ko waɗanda ka sauke a cikin manhajar don ji ba intanet ba naka ba ne: Spotify na buƙatar ka hau intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, in ba haka ba ya rufe su, kuma ranar da ka daina biya duk sun tafi. Manhajojin su kansu sukan mutu, kamar yadda aka rufe Google Play Music a 2020. A 2019 kuma shafin sada zumunta na MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015, kimanin miliyan 50, wajen sauya ma'ajiya. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Kada wannan ya sa a ɗauka mallaka ba ta da tata wahalar. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, amma fa kai za ka wasa shi. Katin memori kan lalace rana tsaka ba gargaɗi, waya kan faɗa ruwa ko a sace ta, CD kan karce, kaset kuwa wanda ya taɓa zaro zarensa daga bakin rediyo yana naɗewa da biro ya san halinsa. Mai tara fayil wanda ba shi da kwafi biyu a wurare daban-daban, ranar kukansa kawai yake jira. Ga aikin gyara suna, da jera albam-albam, da kwashewa daga tsohuwar waya zuwa sabuwa. Wasu suna jin daɗin wannan hidima, kamar yadda wasu ke jin daɗin jera littattafai. Wasu kuwa ko an biya su ba za su yi ba, kuma tarinsu yakan zama juji, waƙa ɗaya sau huɗu da suna huɗu. In ka san kana cikin kashi na biyu, kada ka yaudari kanka. Ya kamata kuma in fayyace cewa da na ce mallaka ina nufin wadda aka saya. Kwasar waƙa daga shafukan sata ba ta kai wa mai ita komai, sautin ma galibi an matse shi an sake matsewa har ya zama kamar daga cikin gwangwani yake fitowa.

Tunda an zo kan mai waƙa, ga yadda kuɗin ke tafiya. Yawancin manhajojin haya suna tara kuɗin wata da na talla a tukunya guda, su cire nasu, sauran, wanda Spotify ya ce kusan kashi biyu cikin uku ne na kuɗin shigarsa daga waƙa, a raba wa masu haƙƙi gwargwadon yawan jin da aka yi wa kowa cikin jimillar duka. Ma'ana ko da wata guda cur mawaƙi ɗaya tilo ka saurara, kuɗinka ba wurinsa suke tafiya kai tsaye ba, mafi yawa suna bin manyan da duniya ke ji. Abin da ya fito ma sai ya bi ta hannun kamfanin da ya fitar da waƙar kafin ya isa ga mawaƙin. Daga 2024 kuma Spotify ya daina biyan ladan naɗin sauti ga waƙar da ba a ji ta sau 1,000 cikin wata 12 ba. A gefe guda, shafi irin Bandcamp, inda ake sayen waƙa kai tsaye, yana cire kashi 15 cikin 100 na cinikin fayil, sai ɗan abin da masu sarrafa biyan kuɗi ke ɗauka, saura na mai waƙar ne. Ga shahararren mawaƙi sayenka ɗigo ne a teku. Ga ƙarami mai mabiya 'yan dubbai, albam ɗaya da ka saya ya fi masa jin da za ka yi masa na shekaru a manhaja.

Ingancin sauti shi ne inda aka fi ɓata yawu, kuma shi ne mafi ƙarancin muhimmanci. CD na ɗauke da kilobit (ma'aunin yawan bayanan sauti) 1,411 a daƙiƙa, MP3 mafi kyau 320. A takarda tazarar tana da girma, a kunne kuwa akasarin mutane ba sa iya bambancewa in an rufe musu suna. Apple Music ya fara bayar da sauti marar matsi tun 2021, saboda haka ko wannan ɗin ma ba na masu faifai kaɗai ba ne yanzu. In kuma da iyafis na Bluetooth kake ji, ana sake matse sautin a hanya kafin ya iso kunnenka, duk wani alfahari ya tashi a banza. Kuɗin da za ka kashe neman fayil mafi nauyi gara ka sa su a hedifon mai kyau ko sifika mai kyau. Ka kuma rage ƙara: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 80 na awa 40 a mako, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, ko haya kake ko mallaka.

Data ita ce ke da lissafi na gaske. Sauraro ta intanet a kilobit 320 yana cin kusan megabait 144 a awa, a 96 kuwa kimanin 43. Mai jin awa biyu kullum a mataki na sama zai ci sama da gigabait 8 a wata a kan waƙa kaɗai, sai fa in yana saukewa tun yana kan wayafai. Katin memori mai gigabait 128 kuwa zai ɗauki waƙa fiye da 12,000 masu minti huɗu-huɗu a mafi kyawun MP3, kuma bai san wani abu wai shi rashin sabis ba, ko a jirgi kake ko a daji. Game da araha, lissafin mai sauƙi ne, kowa ya yi nasa: haɗa kuɗin wata 12, ka duba albam nawa za su saya maka, sannan ka ƙirga da gaskiya albam nawa sababbi ka koma wa fiye da sau biyar a bara. Mai yawon kunne zai ga haya ta fi masa nesa ba kusa ba. Wanda shekara 10 ke nan mawaƙansa shida ne zai ga yana ta biyan hayar gidan da da tuni ya saye shi.

Faifan garmaho yana buƙatar magana tasa, don ya dawo da ƙarfi. A Amurka, a 2022 yawan faifan garmahon da aka sayar ya zarce na CD, karo na farko tun 1987. Masoyansa kan ce sautinsa ya fi, amma in awo za a bi CD ya fi shi tsabta. Abin da yake bayarwa na gaske shi ne tilas. Sai ka tashi, ka zaro shi daga jaka, ka goge ƙura, ka ɗora allura a hankali, bayan minti 20 ka sake tashi ka juya. Ba a tsallake waƙa cikin sauƙi, ba a yawo da shi, saboda haka sai a zauna a ji. Ina ganin darajar wannan. Amma yana da tsada, yana da nauyi, zafi na lanƙwasa shi, allura na cinyewa, kuma ban ga dalilin da zai sa in tura mutum can ba alhali zai iya samun rabin wannan natsuwa ta hanyar kife wayarsa a kan tebur ya bar albam ya tafi daga farko har ƙarshe.

Akwai wani ɗan abu da ke ba ni dariya duk ƙarshen shekara, lokacin da manhajoji ke fitar wa kowa lissafin abin da ya fi ji, mutane su yi ta yaɗawa. Kyakkyawan madubi ne, sai dai yawan ji kawai yake iya ƙirgawa. Waƙar da kake sa wa yaro don ya yi barci ita za ta zo ta ɗaya. Wadda kuwa ba ka iya jin ta sai sau ɗaya a shekara, saboda wanda take tuna maka, ba za ta shiga ko ɗari na farko ba. Ka kuma tuna cewa wannan lissafi shaida ce cewa ana rubuta duk abin da ka danna, da lokacin da ka danna shi. Wasu bai dame su ba. Fayil ɗin da ke katinka dai ba ya kai rahoto ko'ina.

To wa zai ɗauki wacce? Matashin da kunnensa ke buɗewa yanzu, wanda bai gama sanin abin da yake so ba, haya ta fi masa, ya yi yawo iya yawo. Shawarata gare shi ɗaya ce, duk abin da ya kama shi sosai ya tsaya a kansa, ya kashe maɓallin nan da ke ɗora waƙa da kansa bayan albam ya ƙare. Mai sa kiɗa don ya raka shi aiki ko tuƙi ko motsa jiki, wanda bai damu da sunan mai waƙar ba, shi ma haya ce tasa, kuma babu abin kunya a ciki, ba kowane ji ne sai an rufe ido ba. Gida mai mutum huɗu kowa da irin nasa, tsarin iyali na manhaja ya fi sauƙi. Amma wanda ke zaune inda intanet ke yankewa, da wanda abin sonsa tsofaffin naɗe-naɗe ne ko ƙananan mawaƙan da yau suna manhaja gobe babu, da wanda ke da waƙoƙi 50 ko 100 da in suka ɓace zai ji kamar an yi masa sata, waɗannan su saya su ajiye. Haka ma mai son wata rana 'ya'yansa su ga abin da yake ji. Faifai a kan kanta ana gadonsa, fayil ana kwafarsa, asusun manhaja kuwa da an daina biya ya rufe bakinsa.

Ni dai ban soke biyan watan ba, kuma ba na jin zan soke, don can nake farauta. Abin da na sauya shi ne duk albam ɗin da na ga na koma masa wata uku a jere, sai in saye shi in sa a waya, ranar da na ga dama in kashe data in ji shi shi kaɗai. Katin nan kuwa na kwafe shi wuri biyu a daren da na tsince shi, na kwana biyu ina gyara sunaye. Saura guda ɗaya, mai lamba 07, muryar mace da jita, minti uku da rabi, ana jin ƙarar kujera a farkonta. Na kunna wa manhajar gane waƙa ita har sau uku, ta ce ba ta same ta ba. Na bar ta da lambarta.